Gundumar makarantun Houston: wa ke tsara manufa, wa ke auna ta?

A Amurka, ba gwamnatin tarayya ce ke tafiyar da makarantun gwamnati ba. Aikin yana hannun gundumomin makarantu kusan 13,000, mafi yawansu da majalisar da mazauna yankin suka zaɓa. Majalisar ce ke ɗaukar shugaban gunduma, ta amince da kasafin kuɗi, ta kuma yanka harajin gidaje da filaye wanda babban kaso na kuɗin makarantu ke fitowa daga cikinsa.

Kusan kowace gunduma tana da takardar da ta bayyana aƙidunta da manufarta, kuma kalaman sukan yi kama da juna: kowane yaro zai iya koyo, za a yi adalci, za a shirya ɗalibi domin jami'a ko sana'a. Ba a taɓa sauke kowa daga kujera saboda irin waɗannan kalamai ba. Alƙaluman da ke biye da su ne ke da haƙora.

A jihar Texas, wata doka ta 2019 ta wajabta wa majalisun gundumomi su tsara buri na shekara biyar kan karatu da lissafi na 'yan aji uku na firamare, da kuma yawan masu kammala sakandare da suka shirya wa jami'a, aiki ko soja. Jihar tana ba makarantu maki daga A zuwa F, galibi bisa jarrabawar STAAR. Wata doka ta 2015 kuma ta ce idan makaranta guda ta faɗi shekara biyar a jere, ko dai a rufe ta, ko jiha ta karɓe ragamar gundumar baki ɗaya.

Wannan doka ce ta hau kan Houston, gunduma mafi girma a jihar. Sakandaren Wheatley, wadda ke unguwar Fifth Ward ta baƙaƙen fata, ta yi ta faɗuwa a jere har zuwa 2019. An shafe shekaru ana shari'a. Kafin a kammala, Wheatley ta farfaɗo zuwa C a 2022, gundumar kuma ta samu B, amma hakan bai hana kwamishinan ilimi Mike Morath ajiye zaɓaɓɓiyar majalisar gefe a watan Yunin 2023 ba. Ya naɗa majalisar riƙo ta mutum tara, da Mike Miles a matsayin shugaba.

Miles ya zo da tsarin da ake kira NES: darussan da aka rubuta wa malamai daga hedikwata, gajeren gwaji a kusan kowane darasi, ƙarin albashi, da sa ido a aji ba ƙaƙƙautawa. A makarantu da dama an sallami masu kula da ɗakin karatu, aka mayar da ɗakunan wurin ƙarin aiki da ajiye ɗaliban da aka fitar daga aji. Sakamakon jarrabawa ya ɗaga, makarantu masu D da F sun ragu sosai. A lokaci guda malamai da yawa sun bar aiki, yawan ɗalibai kuma ya ci gaba da raguwa, abubuwa biyu da makin A zuwa F ba ya ƙirgawa.

Iyaye ba su da ikon tsige majalisar da ba su zaɓa ba, sai dai ƙuri'a ɗaya ta rage musu. A Nuwamban 2024 gundumar ta nemi izinin cin bashin dala biliyan 4.4 domin gyaran gine-gine, kusan kashi 58 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ƙi, duk da cewa makarantun na buƙatar gyaran. A 2025 Morath ya tsawaita riƙon zuwa Yunin 2027.