Yadda Ake Shirya Ziyarar Yini Ɗaya: Tsohon Birnin Damagaram da Tafkin Gidimuni

Wanda yake zaune a Zinder yana iya ganin kufan ganuwar Birni da tafkin kanwa na Gidimuni cikin yini guda, ya koma gida kafin magariba. Amma ƙasar busasshiya ce, rana kuma tana da zafi. Tafiyar da ba a shirya ba tana iya jawo ƙishirwa, ko ciwo, ko kwana a daji. Ga abin da ya kamata a sani.

Tsohon Birni

Zinder ta zama babban birnin Damagaram a farkon ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ƙarfafa daular, ya kewaye Birni da ganuwa. Faransawa sun ci garin a 1899, kuma ya zama hedkwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926. A yau yawancin ganuwar ta zube, saura guntaye. Fadar Sarki tana nan, haka kuma tsofaffin gidaje masu zane a bango da manyan duwatsun da ke cikin unguwa. A 2006 Nijar ta sa tsohon garin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Tafkin Gidimuni

Gidimuni tana gabas da Zinder, wajen kilomita 70, a kan babbar hanyar da ta nufi Gure. Ana bi ta Mirya, wadda ke kilomita 18 daga Zinder. Tafkin yana cikin kwari, tsakanin tuddan rairayi, ga dabino da garake a gefensa. Idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, sai kanwa ta fito fari fat a kan ƙasa. Mutane suna tara ta don girki, da dabbobi, da sayarwa. A 2019 aka sa tafkin cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar Ramsar ta duniya take kiyayewa.

Lokacin tafiya

Lokaci mafi dacewa shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A fara da Birni da sassafe, a kama hanya da hantsi, a huta a inuwa da tsakar rana, a juyo bayan la'asar. Kada a yi tuƙin dare.

Guzuri

1. Ruwan sha mai tsabta, aƙalla lita 4 ga kowane mutum.
2. Abincin da ba ya saurin lalacewa, kamar dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi.
3. Rawani ko malfa, da takalmi mai rufe ƙafa.
4. Katin ɗan ƙasa, domin akwai shingen jami'an tsaro a hanya.
5. Waya mai cikakken caji, isasshen mai, da tayar canji.

Kiyaye lafiya

Kada a sha ruwan tafki, gama ruwan kanwa yana sa gudawa. Kada yara su yi wanka a ciki, domin ruwan da ba ya gudu yakan ɗauke da tsargiya. Idan wani ya ji jiri ko ciwon kai, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki. A dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya suma, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa.

Ladabin baƙo

Kafin a tashi, a tambayi hukuma halin da hanya take ciki, a kuma shaida wa ƴan gida lokacin dawowa. A fada, a nemi izinin dogarai kafin a shiga ko a ɗauki hoto. A Gidimuni, a fara gaida masu gari, a nemi ɗan jagora. Wuraren kanwa da garake suna da masu su, kada a ɗebi kome sai da yardarsu. Kada a hau ganuwa ko a ɓanɓare ƙasarta, domin abin da ya zube ba ya komawa. A kwashe leda da shara a dawo da su gida.