Tashar da Ta Tsiro a Fakon Muroc

A ƙarshen watan Satumba na 1946, injiniyoyi biyar suka sauka a wani sansanin sojan sama da ke cikin hamadar Mojave a jihar Kalifoniya ta Amurka. Shugabansu, Walter Williams, bai kai shekara talatin ba. Sun fito ne daga cibiyar bincike ta Langley a jihar Virginia, inda hukumar NACA, wadda gwamnati ta kafa tun 1915 don binciken kimiyyar jiragen sama, take da manyan ɗakunan gwaji da gidaje masu inuwa. A Muroc kuwa abin da ya tarbe su shi ne ƙura, da iska mai yini tana kaɗawa, da ɗakunan katako waɗanda ma'aikata suka laƙaba wa sunan unguwar kananzir saboda warin murhun da ake ɗumama su da shi. Ko sunan wurin ma na dabara ne: iyalin Corum da suka fara zama a can sun so a sa wa gidan waya sunansu, aka ce akwai mai kama da shi a jihar, sai suka juya haruffan ta baya.

Abin da ya kawo su matsala ce da ta riga ta ci rayuka. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi masu farfela sun fara kusantar gudun sauti idan suka yi nutso daga sama, wato wajen kilomita 1,060 a awa a can inda iska take da sanyi. Nan ne abu yake rikicewa. Iskar da ke bi ta saman fiffike takan riga jirgin kai wa gudun sauti, ta dunƙule ta yi igiya mai ƙarfi, jirgin ya hau karkarwa, hancinsa ya sunkuya, sandar tuƙi ta ƙage kamar an dasa ta a siminti. Haka Ralph Virden ya rasu a 1941 yana gwada jirgin P-38. A Ingila kuma Geoffrey de Havilland ƙarami ya rasu ranar 27 ga Satumba, 1946, lokacin da jirginsa DH 108 ya wargaje a sama, kwana uku kafin su Williams su isa Muroc.

Abin takaicin shi ne bututun gwajin iska, wanda injiniyoyi suka saba dogara da shi, yakan shaƙe daidai inda ake buƙatarsa. Ƙasa da gudun sauti yana ba da lissafi mai kyau, can sama da shi ma haka, amma a tsakani sai igiyoyin iska su riƙa dukan bango suna dawowa, awon ya lalace. Ba sauran dabara sai a ƙera jirgi na gaske, a cika shi da na'urorin awo, a tura mutum ya shiga wurin da kansa.

John Stack na Langley ya so a bi a sannu da injin jet. Ezra Kotcher na soja ya ce roka za a sa. Kowa ya samu nasa: sojan ruwa da kamfanin Douglas suka ƙera Skystreak mai jet, sojan sama kuma suka ba kamfanin Bell aikin X-1 a 1945. An yi wa X-1 siffar harsashin babbar bindiga, don an san harsashi yana wuce sauti ba tare da ya yi tangal-tangal ba. Injinsa yana shan barasa da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, kuma yakan shanye man cikin minti biyu da rabi, shi ya sa sai jirgin B-29 ya ɗauke shi a ƙarƙashin cikinsa ya kai shi sama ya sake shi. In man ya ƙare, dawowa yake yi ba inji, kamar shirwa. Jirgi irin wannan yana son filin da ba a kuskurensa, kuma gwajin farko da aka yi a Pinecastle ta jihar Florida ya nuna gajimare da gajeren titi ba za su yi ba. A Muroc akwai tafkin Rogers, busasshen fako mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 100, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. Ɗan ruwan hunturu yakan kwanta a kansa, iska ta yi ta gogarsa, in ya bushe ya koma sumul ba da kuɗin kowa ba.

Kafin shekara ta ƙare ma'aikatan NACA sun kai goma sha uku. Cikinsu akwai mata biyu, Roxanah Yancey da Isabell Martin, waɗanda sunan aikinsu a takarda shi ne kwamfuta, tun kafin sunan ya koma kan na'ura. Bayan kowane tashi, akan ciro fim daga cikin jirgin a wanke. A jikinsa akwai siraran layuka masu lanƙwasa da haske ya zana, kowanne yana nuna nauyin da ya hau fiffike, ko matsin iska, ko motsin jela. Matan sukan shimfiɗa fim ɗin a kan akwatin gilashi mai fitila a ciki, su auna tsayin kowane layi da ma'auni, su rubuta a dogayen takardu, su buga a injin lissafi mai ƙara. Tashin minti goma yakan ci kwanaki ana fassara shi. Jaridu ba su damu da wannan ɗaki ba, alhali a nan ne tashin yake zama ilimi.

Tsakanin NACA da soja kuwa ba a rasa tsama ba. Soja suna sauri, su Williams suna so a ƙara gudu kaɗan-kaɗan a auna kowane mataki. Aka raba jiragen X-1: na ɗaya ga soja, na biyu ga NACA. Ranar 7 ga Satumba, 1947, Hugh Dryden, sabon daraktan bincike na hukumar, ya mayar da ayarin sashe na dindindin.

Makonni biyar bayan haka aka yi abin da duniya ta sani. Kyaftin Chuck Yeager, matuƙin soja, ya riga ya gano cewa a Mak 0.94, wato dab da gudun sauti wanda shi ne Mak 1, sitiyarin jela ya daina amsawa. Abin da ya cece shi shi ne jelar kwance da aka yi ta yadda za a iya karkata ta gaba ɗaya, shawarar da NACA ta nace a kai tun wajen zane, kuma injiniya Jack Ridley ya ga za a iya tuƙi da ita. Kwana biyu kafin ranar tashin, doki ya kayar da Yeager ya karya masa haƙarƙari biyu, ya ɓoye wa manyansa. Ridley ya yanko masa guntun sandar burushin shara don ya iya rufe ƙofar jirgin da hannun hagu. Ranar 14 ga Oktoba, a tsayin wajen mita 13,000, allurar gudu ta yi tsalle, lissafi ya nuna Mak 1.06. Gwamnati ta yi gum har watan Yuni na 1948, ko da yake mujallar Aviation Week ta fasa ƙwai tun Disamba.

NACA ta bi baya da natsuwarta. Matuƙinta Herbert Hoover, wanda sunansa ya zo ɗaya da na tsohon shugaban Amurka, ya zama farar hula na farko da ya wuce sauti a watan Maris na 1948. A watan Mayu kuma hukumar ta yi rashin matuƙi na farko a bakin aiki, Howard Lilly, wanda injin Skystreak ya fashe masa yana tashi.

Daga nan tashar ta yi ta girma tana sauya suna. A 1949 ma'aikata sun kai kimanin ɗari, sansanin kansa ya koma Edwards. A 1954 ta tare a sabon gini a bakin tafkin, ta fita daga ƙarƙashin Langley. Gudu ma ya ninka: ranar 20 ga Nuwamba, 1953, Scott Crossfield ya kai Mak 2 a jirgin Skyrocket, bayan makanikai sun goge jikin jirgin da kakin zuma sun sanyaya mansa don tanki ya ƙara ɗauka.

Sai wata sabuwar masifa ta ɓullo. Jiragen sun zama dogaye masu nauyi a tsakiya da gajerun fukafukai, don haka in matuƙi ya mirgina su da sauri sai hanci da jela su ƙwace, jirgi ya shiga wuntsila ta kowace fuska. William Phillips na Langley ya yi hasashen haka a takarda tun 1948, ba a kula sosai ba. Masifar ta kama Yeager a X-1A a Disamban 1953, ya faɗo fiye da kilomita 15 kafin ya shawo kansa. Ta kama Joe Walker a X-3 a 1954, kuma awon da aka samu a wannan tashin ya taimaka wajen gane abin da ke kashe matuƙan jirgin F-100, aka ƙara wa jirgin girman jela. Mel Apt bai tsira ba: ya wuce Mak 3 a X-2 a watan Satumba na 1956, ya juya zai koma gida, jirgin ya ƙwace.

Da aka rushe NACA aka kafa NASA a 1958, tashar ta shiga zamanin X-15, wanda ya tashi sau 199 tsakanin 1959 da 1968, ya kai Mak 6.7 da tsayin kusan kilomita 108. Williams bai tsaya ya ga ƙarshen wannan ba. A 1959 an ɗauke shi ya jagoranci ayyukan shirin Mercury na tura mutum sararin samaniya, shirin da ya kafa tashoshin bin sawu a kewayen duniya, har da ɗaya a Kano. Wani matashin matuƙi mai ƙarancin magana da ya zo tashar a 1955, Neil Armstrong, ya tuƙa X-15 sau bakwai kafin shi ma ya tafi.

A 1976 aka sa wa cibiyar sunan Dryden, a 2014 aka mayar da shi na Armstrong. A kan wannan fakon ne kumbon Columbia ya sauka a watan Afrilu na 1981, ba inji, kamar yadda X-1 yake yi. Jirgin Yeager yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, inda dubban mutane ke ɗaukar hotonsa. X-1 na biyun, wanda Hoover ya tuƙa, an sake masa fukafukai aka kira shi X-1E, ya yi aiki har 1958, yanzu kuma yana kafe a kan ginshiƙi a ƙofar ginin da aka tare a 1954.