Gina shafin intanet: Da manhaja ko da hannu?

Kamfanin da ke son mallakar shafin intanet a unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano yana da manyan hanyoyi biyu a gabansa.

Ko dai ya yi amfani da manhajar da ake tsara shafi da ita ta hanyar gani da ido, ko kuma ya ɗauki ƙwararren da zai rubuta umarnin shafin da hannu, layi bayan layi.

Zaɓin na da muhimmanci ga waɗannan kamfanoni. Majemun Challawa da Sharaɗa na sayar da fata ga masu saye a ƙasashe irin su Italiya da Sifaniya, yayin da masu yin robobi da alewa da man girki ke hulɗa da 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Ga baƙon da bai taɓa zuwa Kano ba, shafin kamfani da adireshinsa na imel su ne abin da zai fara gani kafin ya aika da kuɗinsa.

Yadda hanyoyin suke

Kowane shafin intanet rubutu ne a asalinsa. Da harshen HTML ake shimfiɗa abin da shafin ya ƙunsa, da CSS ake ba shi launi da fasali, da JavaScript kuma ake sa shi ya amsa idan an latsa wani abu.

Tim Berners-Lee, ɗan Birtaniya, shi ne ya ƙirƙiro HTML a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Geneva, kuma shafin farko ya fito fili a shekara ta 1991. JavaScript ya biyo baya a 1995, sai CSS a 1996.

Mai rubutawa da hannu yana sarrafa waɗannan harsuna ne kai tsaye. Mai amfani da manhaja kuwa yana jawo hoto ya ajiye a nan, ya buga rubutu a can, ita kuma manhajar ta rubuta umarnin a ɓoye.

Bambancin ya yi kama da na ɗinkakkiyar riga daga kasuwa da wadda tela ya auna mutum ya ɗinka masa. Ta farko ta fi sauri da araha, ta biyu ta fi dacewa da jiki.

Manhajojin da suka shuɗe

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, manhajoji biyu ne suka fi shahara: FrontPage, wadda Microsoft ya saya a 1996, da Dreamweaver, wadda Macromedia ya fitar a 1997.

Microsoft ya daina FrontPage a 2006. Kamfanin Adobe, wanda ya sayi Macromedia a 2005, ya sanar da dakatar da wata manhajar tasa mai suna Muse a 2018, sannan ya janye goyon bayansa ga Flash a ƙarshen 2020.

Shafukan da aka gina kacokan a kan Flash sun daina buɗuwa. Haka kuma a watan Maris na 2024 Google ya rufe shafukan kyauta da ya bai wa ƙananan 'yan kasuwa damar ƙirƙira.

A ɗaya ɓangaren kuma, shafin da aka rubuta da tsantsar HTML shekaru 25 da suka wuce har yanzu yana buɗuwa a kwamfuta da waya.

Naira da dala

Manhajojin zamani irin su Wix da Squarespace haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, kuma da kuɗin waje ake biya.

Kafin watan Yunin 2023, ana canzar da dala a kan kusan naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500, wato kuɗin hayar ya ninka fiye da sau uku ba tare da an ƙara wa shafin komai ba.

Bugu da ƙari, tsakanin 2022 da 2023 bankunan Nijeriya da dama sun taƙaita ko dakatar da biyan kuɗi a waje da katin naira, kafin wasunsu su dawo da shi a 2025. Idan hayar ta ƙare ba a sabunta ba, shafin na iya sauka ko ya rabu da adireshin kamfanin.

Rubutawa da hannu ya fi tsada a farko, domin lada ce ta ƙwararre. To sai dai ana iya biyan ladar da naira, haka ma kuɗin ajiye shafin a kamfanonin cikin gida, da na rajistar adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da shi.

Nauyin shafi da haruffan Hausa

Tun bayan shigowar wayar salula ta GSM a 2001, akasarin 'yan Nijeriya ta waya suka san intanet. Dillali a kasuwar Singa ko Kantin Kwari da kuɗinsa yake sayen data, kuma ba zai daɗe yana jiran shafi mai nauyi ba.

Manhajoji kan cusa wa shafi umarnin da ba ya buƙata, abin da ke ƙara masa nauyi. Ƙwararren da ya san aikinsa na iya rage shi ƙwarai, ko da yake wanda bai ƙware ba na iya yin abin da ya fi na manhajar muni.

Akwai kuma batun haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da su ba, don haka a kowace hanya ya kamata a gwada su a waya, kada su fito a matsayin akwatuna.

Wa ke da shafin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi. Shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki, sai dai a sake gina shi daga tushe.

Amma shafin da aka rubuta da hannu shi ma yana da nasa haɗarin. Idan wanda ya rubuta ya bar gari, ko ya yi rajistar adireshin da sunansa, kamfanin na iya kasa sauya ko da lambar waya, ko ma ya rasa imel ɗin da abokan cinikinsa suka sani.

Tsakanin hanyoyin biyu akwai WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya ke amfani da ita. Kyauta ce, ma'aikacin ofis na iya sauya farashi da hotuna, kuma ana iya kwashe shafin zuwa wani masauki. Sharaɗinta shi ne a riƙa sabunta ta, domin masu kutse sun fi farautar waɗanda aka yi sakaci da su.

Ƙaramin kamfani mai son nuna kaya da adireshi kawai, manhaja ta ishe shi. Babbar masana'anta mai son haɗa shafi da lissafin sito ko odar dillalai kuwa, sai da ƙwararren marubucin umarni.

Kowace hanya aka bi, abubuwa uku ne ya kamata su kasance a hannun kamfani: rajistar adireshin da sunansa, kalmomin sirri na shiga, da kwafin duk abin da shafin ya ƙunsa.