Tarihin Tsargiya

Ya kai maigida, mutumin Rano ko Kibiya, saurara. A da, in yaro ya soma fitsarin jini, waɗansu sukan ce ya balaga ke nan. Ashe tsargiya ce, tsohuwar cuta, har an sami ƙwanta a gawarwakin mutanen Masar na zamanin Fir'auna.

A 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsarta a Alƙahira. A 1915 kuma Robert Leiper ya bayyana hanyarta: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga katantanwa, ta girma, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan.

To, a nan wajenmu, a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga. Noman rani ya samu, mun gode Allah. Amma kwantaccen ruwa gidan katantanwa ne. Su wa ke wuni cikinsa? Manomi, da masunci, da yaro mai iyo.

Jinin yakan ɗauke in mutum ya manyanta, sai ya zaci ya warke, alhali ƙwan na nan yana cin mafitsara. Yana iya ɓata ƙoda, ko ya jawo ciwon daji.

Tun wajen 1980 akwai ƙwayar praziquantel, rana ɗaya ake shanta. Kada kunya ta hana ka. Kawo fitsarinka ɗakin shan magani a duba, ka zo da ɗanka. Kada kuma ka yi fitsari a ruwa. Rigakafi ya fi magani.