Yadda ake ƙiyasta yawan sabar da shafin intanet mai cunkoso ke buƙata

Sabar, wadda ake kira serveur da Faransanci, kwamfuta ce da ke amsa buƙatun masu shiga shafin intanet. Idan ta yi kaɗan, shafi zai tsaya ranar da aka fi buƙatarsa. Idan ta yi yawa, an yi asarar kuɗi. Haka ta faru a Amurka ranar 1 ga Oktoba 2013, da aka buɗe shafin inshorar lafiya na HealthCare.gov: an shirya wa mutum 50,000 zuwa 60,000 a lokaci guda, amma kimanin 250,000 suka shigo, shafin ya kasa ɗauka.

Ana gina lissafi a kan sa'ar da ta fi cunkoso, misali lokacin fitar da sakamakon jarrabawa. A ɗauka mutum 360,000 sun shigo cikin sa'a guda, kowane ya aika buƙata 10. Jimilla buƙata miliyan 3.6 ke nan. A raba da daƙiƙa 3,600, an samu buƙata 1,000 a daƙiƙa.

Daga nan sai a yi amfani da ƙa'idar da John Little ya tabbatar a 1961: yawan aikin da ke hannu daidai yake da yawan masu shigowa sau lokacin da kowane ke ɗauka. Idan buƙata na cin daƙiƙa 0.2, to buƙata 200 ke gudana tare. Sabar da ke ɗaukar 40 a lokaci guda, ana buƙatar biyar irinta.

Amma ba a cika sabar maƙil, domin jira na tsawaita sosai idan ta kusa cika. Idan aka tsaya a kashi 70 cikin ɗari, sabar takwas ake buƙata, sai a ƙara ɗaya ta ko-ta-kwana.

A duba hanyar sadarwa ma: buƙata 1,000 masu nauyin kilobayit 100 na cin megabit 800 a daƙiƙa. Sau da yawa rumbun bayanai ne ke fara gajiya, shi ya sa ake ajiye shafukan da aka fi nema a ma'ajiyar wucin gadi.

Kafin ranar buɗewa, a gwada shafin da manhaja irin Apache JMeter, a yi ta ƙara masa lodi har ya gaza. Adadin da gwajin ya nuna, da shi za a gyara lissafin takarda.