Tantin Mace Da Kufan Zango: Waƙoƙin Ƙauna Na Abzinawa

A ranar 28 ga watan Nuwamba 1916, wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna Sharl de Fuko, wanda ke zaune a Tamanraset cikin duwatsun Ahaggar, a kudancin ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta cewa ya gama aikin waƙoƙin Abzinawa. Bayan kwana uku, ranar 1 ga Disamba, mahara suka kewaye gidansa, wani yaro daga cikinsu ya harbe shi. Abin da ya bari ya kai waƙa 575, wajen baiti 6,000, kowace da fassararta da bayanin wanda ya yi ta da dalilin yinta. An buga su a birnin Faris cikin littafi biyu, a 1925 da 1930.

Fuko ya zo Tamanraset a 1905. Dā can hafsan soja ne, sa'an nan ya tuba ya shiga zaman zuhudu. Nufinsa shi ne ya san harshen mutanen sosai, domin waɗanda za su zo bayansa su iya magana da su. Ya kuwa gane cewa harshen yana cikin waƙa. A 1907 ya bi zangon makiyaya yana biyan ɗan kwabon Faransa a kan kowane baiti, mata da yara da tsofaffi suna kawo masa abin da suka haddace. Daga baya ya zauna shekara da shekaru da Ba Hammu, magatakardan sarkin Ahaggar, suna tantance kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya rabu da aure da dukiya saboda Allah shi ne ya adana wa duniya kukan samari a kan 'yan mata. Gama ko da yake akwai waƙoƙin yaƙi da na zambo da na addu'a, zancen ƙauna ya ratsa yawancinsu.

Ƙaunar da ke cikin waƙoƙin nan ba ta zaman lafiya ba ce. Da wuya a ji mawaƙi yana yabon matar da yake zaune da ita cikin kwanciyar rai. Kusan kullum yana magana ne daga nesa: yana kan raƙumi da dare, abokan tafiya sun yi barci, shi kuwa barci ya ƙaurace masa. Ko kuma ya yi tafiyar kwanaki domin ya ga wadda yake so, ya iso ya tarar da kufai, an tashi, sai toka da sawun dabbobi. Yakan kwatanta abin da ke damunsa da zazzaɓi ko ƙishirwa, ciwon da laya ba ta warkarwa. Yakan yabi raƙuminsa da tsawo, har mai sauraro ya yi tsammani an manta da yarinyar, sa'an nan ya komo kanta: haƙoranta, gashinta, da shunin da ya rina mata fata. Shunin nan kuwa na turkuɗi ne, wanda marina na Kura a ƙasar Kano suka yi suna wajen rininsa, fatake suna kai shi har cikin hamada.

Domin a gane dalilin wannan fargaba, sai a dubi tanti. A wurin Abzinawa makiyaya tanti na mace ne. Uwa ce ke haɗa wa 'yarta shi lokacin aure, na fata a Ahaggar, na tabarmi a yawancin ƙasar Abzin. Kalmar ehen a harshensu tana nufin tanti, tana kuma nufin aure. Yin aure shi ne kafa tanti. Yaro in ya balaga yakan bar tantin uwarsa ya riƙa kwana a fili, ba ya sake samun inuwa tasa sai ya yi aure, ita ma ɗin ta matarsa ce. Ran da aure ya mutu, mace ta kwance turakunta ta ɗora wa jaki ko raƙumi ta koma wurin danginta, namiji ya tsaya da sirdinsa da takobinsa. Sakin aure ba abin kunya ba ne ga mace a can, bazawara kuwa ba ta rasa masu nema. Saboda haka namijin da ke waƙa ya san cewa duk abin da ya kira gida ana iya naɗe shi cikin safiya guda. Wani masani Bafaranshe, Dominik Kazajus, wanda ya zauna da Kel Ferwan kusa da Agadas, ya ba littafinsa na 1987 suna daga wannan al'amari, wato tanti a tsakiyar kaɗaici. Kalmar da suke faɗi ita ce esuf. Tana nufin dawa inda babu kowa, tana nufin kewa, kuma iskokin daji ana kiransu Kel Esuf, mutanen kaɗaici. Wanda ƙauna ta kuɓuce masa, a ganinsu, ya faɗa hannun waɗannan.

Wurin da ƙauna ke tsirowa ma ba tabbatacce ba ne. Da dare samari da 'yan mata da zawarawa sukan taru bayan zango, taron da ake kira ahal. Mace ce ke kaɗa imzad, wanda a Nijar ake ce wa anzad, ɗan'uwan gogen Hausa ne, ƙwarya da fata da tsirkiya ɗaya ta gashin doki. Maza suna zaune da amawali a rufe, suna rera waƙa, kowa yana neman a dube shi. Wadda ta yi wa wani murmushi yau tana da iko ta juya ga wani gobe. Ga magulmata, waɗanda mawaƙa ba sa gajiya da tsine musu. Ga iyaye masu ba da 'ya ga wanda ya fi raƙuma. Ga kuma suna: wanda ya gudu a fagen fama ya san labari zai riga shi isa ahal, ba kuwa za a kaɗa masa imzad ba. Shi ya sa waƙar yaƙi da ta ƙauna sukan zama abu ɗaya, mayaƙi yana ambaton sunayen mata yayin da yake ba da labarin artabu. Sauran kuma tafiya ce ke yi. A Abzin ayarin gishiri yakan tashi da kaka zuwa Fashi da Bilma, ya komo, sa'an nan ya gangara ƙasar Hausa neman gero, maza su yi watanni ba a gan su ba.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Musa ag Amastan da Dasin ult Yemma, 'yar'uwarsa ta dangi. Dasin gwanar imzad ce, mai waƙa kuma, ana zuwa taronta daga nesa. Musa ya yi mata waƙoƙi tun yana saurayi, wasunsu suna cikin littafin Fuko. Bayan yaƙin Tit na 1902, inda bindigogin Faransa suka karya mayaƙan Ahaggar, Musa ya bi hanyar sulhu, ya zama amenokal, wato sarkin ƙasar, a 1905, har ya ziyarci Faransa a 1910. Sarauta ta samu, Dasin kuwa wani ta aura. Marubutan Turai na baya sun ƙara wa labarin gishiri ƙwarai, sun sa wa mutanen biyu kalmomi masu zaƙi a baki irin na littattafan Faris. Abin da Fuko ya rubuta daga bakin mutanen ya fi wannan gajarta da kaifi, ya kuma fi cancanta a gaskata shi.

Bai kamata a ɗauka cewa maza kaɗai ke kuka ba. Cikin waƙoƙin akwai na mata, masu jiran wanda ya tafi hari ko fatauci, suna sauraron kowane labari da ya zo daga rijiya. Sai dai mace tana jira ne a cikin tantinta, tsakanin danginta, namiji kuwa yana waje.

Da Musa ya ji an kashe Fuko, ya aika wa ƙanwar mamacin takardar ta'aziyya zuwa Faransa. A cikin watan nan na Disamba 1916 ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, kuma ramuwar da ta biyo baya a 1917 ta watsa zangunan Abzin da yawa. Musa ya rasu a 1920. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya kori dubban makiyaya zuwa garuruwa da ƙasar Libiya, masu kaɗa imzad suka ragu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2013, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Samarin da suka yi gudun hijira suka ɗauki jita a maimakonsa, kuma sunan da suka ba sabon kiɗan nasu shi ne asuf.