Kifin Faɗa na Ƙasar Siyam

A ƙasar Tailan, wadda ake kira Siyam kafin shekara ta 1939, akwai wani ɗan kifi da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Mazauninsa fadamun shinkafa ne da kududdufai marasa zurfi, musamman a kwarin kogin Chao Phraya. Mutanen ƙasar suna ce da shi pla kat, watau kifi mai cizo. Na dawa ba shi da wani kyan gani: jikinsa ƙasa-ƙasa ne da ɗan kore, wutsiyarsa gajera. In maza biyu sun gamu sukan buɗe fikafikai, su yi 'yar hatsaniya ta mintoci kaɗan, sai ɗaya ya juya ya ɓuya cikin ciyawa. Faɗan ya ƙare ke nan.

Mutum ne ya tsawaita faɗan. Manoma suka riƙa kama mazan suna haɗa su cikin tukunya ɗaya, inda babu wurin gudu. Wanda ya yi nasara sai a ajiye shi domin iri. Binciken da masana suka yi a kan jinin halittar kifin, aka buga a 2022, ya nuna an fi shekara 1,000 ana kiwonsa, watau yana cikin kifayen da mutum ya fara mayarwa na gida. Sannu a hankali aka sami irin da zai yi sa'o'i yana faɗa bai ja da baya ba.

Inda ake gasa kuwa, caca ba ta nisa. Sarkin Siyam da kansa ya sa lasin a kan wasan, yana karɓar haraji. A 1840, zamanin Sarki Rama na Uku, sarkin ya yi wa wani mutum kyautar waɗansu kifayen, shi kuma ya miƙa su ga Theodore Cantor, wani likita ɗan Danmak mai aiki a ƙarƙashin Ingilishi a Asiya. Cantor ya rubuta labarinsu a 1849. Ya ba da shaida cewa mutane sukan zuba dukiya mai yawa a kan faɗan, har wani ya jinginar da kansa da iyalinsa. Abin tausayi ne a ce magidanci ya sa matarsa da 'ya'yansa a bakin kifin da bai kai loma ɗaya ba. Littafin Farawa ya nuna an danƙa wa mutum kula da kifayen ruwa, ga shi a nan kifi ne yake yanke wa gida hukunci.

Cantor ya yi kuskure ɗaya, gama ya ɗauka kifin wani iri ne na wanda ya sani a tsibirin Penang. Sai a 1910 Charles Tate Regan, masanin kifi a Landan, ya raba su, ya raɗa masa sunan da yake amsawa har yau, Betta splendens. Kalma ta biyun Latin ce, ma'anarta mai sheƙi.

Kafin wannan lokaci kifin ya riga ya shiga Turai, ya kai Jamus a 1896. A can ba faɗansa ya ja hankali ba, launinsa ne. Masu kiwo suka koma zaɓen wanda ya fi ja, ko shuɗi, ko doguwar wutsiya, har aka fitar da mai jela kamar mayafi, da mai jela kamar rabin wata. Waɗansu wutsiyar ta yi musu nauyi har iyo yana ba su wahala. Amma zafin ran da kakanni suka dasa bai fita ba. Ko madubi aka kafa wa namiji sai ya tashi wa inuwarsa, shi ya sa masu sayarwa suke sa kwali tsakanin kwalba da kwalba.

Ga masu kiwonsa a gida, abin da ya fi ban mamaki shi ne haihuwarsa. Namiji yakan hau bisa ruwa ya kurɓi iska, ya tofar da ita kumfa-kumfa, har ya gina sheƙa. Sa'an nan ya naɗe tamata da jikinsa, ta saki ƙwai. Ƙwan suna nitsewa yana binsu, yana tsince su da baki ɗaya ɗaya, yana mayarwa cikin kumfar. Da an gama sai ya kori uwar, dole mai kiwo ya cire ta, in ba haka ba zai iya kashe ta. Uban ne yake gadi dare da rana. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙwan su ƙyanƙyashe, bayan kamar kwana 3 'ya'yan su fara iyo, sai shi ma a ɗauke shi. Da mazan cikinsu sun tasa, kowane sai da kwalbarsa.

Yana da wata gaɓa a kansa da take ba shi ikon shaƙar iska daga sama, kamar yadda tarwaɗa take jimre wa ruwan da ya kusa ƙafewa. Wannan baiwa ta zama masa masifa. Da aka ga ba ya saurin mutuwa, sai aka riƙa ajiye shi cikin ƙaramin kofi, ana cewa haka yake so. Fadama kuwa ko ba zurfi tana da faɗi. Yana bukatar tankin gilashi mai sarari, da ruwa mai tsabta mai ɗumi wajen digiri 24 zuwa 28, da abinci irin tsutsar sauro.

A 2016 an sayar da guda ɗaya mai launin tutar Tailan a kan baht 53,500, a 2019 kuma gwamnati ta naɗa shi dabbar ruwa ta ƙasa. Na dawan fa? Tun 2011 aka sa shi cikin jerin halittun da ake fargabar ƙarewarsu. Birane sun cinye fadamu, magungunan gona sun ɓata ruwa, kifayen gida da suka kuɓuce ko aka zubar cikin magudanai kuma suna barbara da na dawa, irin asali yana gaurayewa.